RA'AYI: Jibi, Gata Da Citta: Wa Zai Koya Wa Na'ura Lissafin Lokaci Da Hausa?

A ƙasar Kagarko, da sauran ƙananan hukumomin Kudancin Kaduna inda citta ta zama ƙashin bayan arzikin manomi, dillali na iya aika saƙo ya ce, "A kawo cittar nan citta." Manomin da ya karɓi saƙon ba zai yi wata-wata ba. Ya san kalmar farko amfanin gonarsa ce, ta biyu kuma rana ce, wadda ke biye da gata, wato kwana huɗu daga yau. Idan aka miƙa wannan jimla ga manhajar waya aka ce ta sa tunatarwa, da wuya ta gane cewa akwai wata rana a cikin maganar, balle ta faɗi wace ce.

Wannan na iya zama kamar abin raha, amma batun ya wuce nan. Alƙawura da yawa da a da ake ƙullawa baki da baki, yanzu ta waya suke bi: ranar awon ciki, ranar rigakafin yaro, ranar zaman kotu, ranar biyan bashi, lokacin tashin jirgin ƙasa. A tsakanin mai aikawa da mai karɓa kuma, sau da yawa akwai manhaja da ke karanta saƙon, ta tsamo kwanan wata daga ciki, ta ajiye shi a rumbun bayanai. Muddin manhajar ba ta san yadda masu jin Hausa ke faɗin lokaci ba, to ko dai a tilasta musu magana da harshen da ba su ƙware a kansa ba, ko kuwa a rubuta musu ranar da ba ita suka nufa ba. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, harshe bai gama shiga na'ura ba har sai na'urar ta iya lissafin lokaci da shi, kuma wannan aiki ne da ba mai yi wa Hausa sai masu jin ta.

Rubutawa daban, ganewa daban

Akwai ayyuka biyu da ake yawan haɗawa alhali kowanne da nauyinsa. Na farko shi ne na'ura ta rubuta kwanan wata da Hausa. Wannan ya samu tuntuni. Ƙungiyar Unicode, wadda ke kula da haruffan kwamfuta na duniya, tana da wani babban rumbu da ake kira CLDR, inda aka tara sunayen ranaku da watanni da tsarin rubuta lambobi na ɗaruruwan harsuna. Daga nan wayoyin hannu da manhajoji da dama ke ɗibar abin da suke nunawa. Hausa na ciki, har da rabe-raben Najeriya da Nijar da Ghana. Shi ya sa mai waya zai iya sauya harshen wayarsa ya ga an rubuta masa Litinin ko Alhamis a fuskar allo. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ma ya bi sahu a 2016.

Aiki na biyu shi ne mai wuya: mutum ya yi magana yadda ya saba, na'ura ta fitar da takamaimiyar rana da sa'a. Idan aka ce mata "jibi da la'asar", sai ta san yau wace rana ce, ta ƙara kwana biyu, ta san inda mai maganar yake, sannan ta ƙiyasta lokacin la'asar a wurin. Masu rubuta manhaja ba sa ƙirƙiro wannan daga tushe a kowane aiki. Suna ɗauko ƙananan manhajoji da wasu suka riga suka gina suka bar ƙofarsu a buɗe, irin su Duckling da kamfanin Facebook ya saki, ko dateparser da masu aiki da harshen kwamfuta na Python ke amfani da shi. Harshe yana zurfi a cikin irin waɗannan ne idan wani da ya san shi ya zauna ya rubuta ƙa'idojinsa, ya jera ɗaruruwan jimloli na gwaji tare da amsar da ta dace da kowacce. Inda ba a yi haka ba, abin da ake samu bai wuce jerin sunayen watanni da 'yan kalmomi kamar jiya da yau da gobe ba.

Yadda Hausa ke auna lokaci

Wanda zai rubuta wa Hausa irin waɗannan ƙa'idoji zai tarar da arziki mai yawa, zai kuma tarar da tarkuna. Ta fuskar ranaku, harshen yana da shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata da citta, kowacce kalma guda. Ta fuskar shekaru yana da bara waccan, bara, bana da baɗi. Turanci sai ya haɗa kalmomi da yawa kafin ya faɗi abin da gata ke nufi. Sai dai rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalmomin lokaci da yawa suna da tagwaye a rubuce. Gata rana ce, gata kuma shi ne abin da ɗan sarki yake da shi. Bara shekarar da ta wuce ce, bara kuma ita ce ta almajiri. Wata na iya zama kwana talatin, ko farin da ke sama, ko kuma kalmar da ke cikin "wata mata". Kwana na iya zama yini da dare, ko lanƙwasar hanya. Ƙarfe ma, kafin ya zama na agogo, na maƙeri ne. Kunnen mutum yana raba su ba tare da ya lura ba. Na'ura kuwa sai an nuna mata alamomin da ke kewaye da kalmar, kamar zuwan lamba bayan "wata" ko bayan "ƙarfe".

Ga kuma salon faɗin sa'a. Ana cewa ƙarfe bakwai da kwata, bakwai da rabi, takwas saura kwata, tara ba minti biyar. "Saura" da "ba" ragewa suke yi, kuma "ba" ɗin nan ita ce dai ta korewa a wasu jimlolin. Tsofaffi har yanzu sukan ce ashirin ba ɗaya suna nufin goma sha tara. Manhajar da ta tsinci "ashirin" ta yi watsi da abin da ya biyo baya ta ƙara wa mutum kwana guda ke nan.

Mafi yawan alƙawuran karkara ma ba da agogo ake yin su ba. Ana haɗuwa da asuba, da sassafe, da hantsi, da walaha, da goshin azahar, da la'asar sakaliya, da almuru, ko bayan isha'i. Waɗannan lokuta suna bin rana ne, rana kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Kagarko, faɗuwar rana a watan Yuli da faɗuwarta a watan Nuwamba sun bambanta da fiye da rabin awa. A rana ɗaya kuma, magaribar Maiduguri na riga ta Sakkwato da kusan rabin awa, ko da yake agogon ƙasar ɗaya ne. Wanda ya ɗaure "bayan magariba" a kan ƙarfe bakwai a kowane wuri da kowane wata, ya yi wa maganar ƙarya.

Babban tarkon shi ne dare. A lissafin Musulunci rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, shi ya sa idan malami ya ce "daren Juma'a", yana nufin daren da ke tsakanin Alhamis da Juma'a. Amma ɗan boko, da mai karanta labarai da ya fassaro daga Turanci, sukan faɗi kalmomin nan biyu suna nufin daren da ya biyo bayan yinin Juma'a. Magana ɗaya, tazarar awa 24. Babu ƙa'idar nahawu da za ta warware wannan, domin duka ma'anonin biyu suna raye a bakin mutane.

Sannan mai jin Hausa yana tafiya da kalanda fiye da ɗaya a kansa. Albashi da makaranta da zaɓe suna bin watannin Janairu zuwa Disamba. Azumi da layya da takaba suna bin watan sama, wanda shekararsa ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Watannin ma suna da sunayensu na gida, kamar watan cika-ciki, watan azumin tsofaffi, watan ƙaramar sallah da watan babbar sallah. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma za ta ƙirga, kuma idan manhaja ta ƙirga mata da watannin Turawa za a samu saɓanin kwanaki. Ko inda waya ke nuna kwanan watan Hijira, galibi lissafi take bi, irin na kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, alhali a Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi bayan ganin wata ake jira, kuma ba sabon abu ba ne a samu bambancin kwana guda. Manomi kuma yana da tasa kalandar ta bazara, damina, marka, kaka da hunturu. Idan ya ce zai biya bashi "da kaka", ya faɗi lokaci sananne a wurinsa da wurin mai binsa, ko da yake babu lamba a ciki.

A ƙarshe akwai rikicin rubutu. Wani ya rubuta Fabrairu, wani Faburairu, wani Fabarairu. Akwai Afrilu da Afirilu, akwai Juma'a da Jumma'a. Yawancin masu waya ba sa sa ƙugiya a haruffa, don haka ƙarfe huɗu kan zo a matsayin "karfe hudu", baɗi kuma "badi". Ɗan Maradi da ya yi karatu da Faransanci zai rubuta 15h30 inda ɗan Zariya zai ce uku da rabi na yamma. Ƙa'idar da aka gina a kan daidaitacciyar Hausar littafi kaɗai za ta faɗi a saƙon tes na farko.

Abin da mutanen Kataloniya suka yi

Masu kallon ƙwallo a Jere da Kafanchan sun san Barcelona, amma ba kowa ya san cewa birnin yana da harshensa daban da Sifaniyanci ba. Katalanci ake kiran sa, masu jin sa kuma ba su wuce kimanin miliyan 10 ba, a Kataloniya da Valencia da tsibiran Balear da 'yar ƙaramar ƙasar Andorra da wani yanki na kudancin Faransa. A zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975, an kore shi daga makarantu da ofisoshin gwamnati. Harshe ne da ya san ɗacin a ce masa ya koma cikin gida.

Shi ma yana da nasa tarkon lokaci, wanda ya samo asali daga bugun ƙararrawar hasumiya. Idan mutumin Kataloniya ya ce "dos quarts de vuit", fassarar kalmomin ita ce kwata biyu na takwas, amma abin da yake nufi shi ne bakwai da rabi, domin yana ƙirga kwata-kwatan da aka ci daga cikin awa ta takwas. Na'urar da ta ji "takwas" ta tsaya a nan za ta makarar da shi. Masu harshen ba su yar da wannan salo don su sauƙaƙa wa kwamfuta ba. Sun zauna sun rubuta mata ƙa'idar, suka shigar da Katalanci cikin manhajojin da ke warware kwanan wata da lokaci, har da Duckling.

Hannaye uku ne suka ɗauki wannan jinka. Akwai 'yan sa-kai, musamman ƙungiyar Softcatalà da ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1990, wadda ta shafe shekaru tana fassara manhajoji da gina ƙamus da magyarin rubutu kyauta. Akwai cibiyar TERMCAT da aka kafa a 1985 domin daidaita sababbin kalmomin kimiyya da fasaha. Akwai kuma gwamnatin yankin, wadda a 2020 ta ƙaddamar da shirin AINA tare da cibiyar manyan kwamfutoci ta Barcelona, domin tara rubutu da muryoyi da za a horar da na'urori da su. A shirin Common Voice na Mozilla, inda jama'a ke ba da muryoyinsu kyauta, Katalanci ya shiga sahun gaba da dubban awoyi, yana gogayya da Turanci. Don kada a ce sai Turai, Kinyarwanda na ƙasar Ruwanda ma yana cikin na gaba-gaba a wannan shiri. Hausa, wadda masu jin ta sun haura miliyan 50, tana can baya nesa. Yawan jama'a bai taɓa rubuta ƙa'ida ko guda ba.

Dalilin da ya sa Kagarko ta dace da gwaji

Da an tashi wannan aiki, hankali zai fara tafiya Kano, kuma da hujja, tun da a kan karin harshenta aka gina daidaitacciyar Hausa. Amma wurin da za a gane ko aikin ya yi kyau shi ne irin Kagarko. Ƙaramar hukuma ce da ke maƙwabtaka da Babban Birnin Tarayya, babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna ta ratsa ta, layin dogon da aka buɗe a 2016 kuma yana da tasha a Jere. A cikinta Koro da Gbagyi da Fulani da Hausawa suke zaune, Musulmi da Kirista, kuma Hausa ce harshen da suke haɗuwa a kansa a kasuwa da asibiti da tashar mota.

Hausar irin wannan wuri tana ɗauke da lokutan al'ummomi biyu. Wani zai ce bayan sallar Juma'a, wani ya ce ran Lahadi bayan an tashi daga sujada. Wani ya ɗaura alƙawari a kan babbar sallah, wani a kan Kirsimeti ko Ista, wadda ita ma ba ta da tsayayyar rana, tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Kagoro ana auna abubuwa da bikin Afan na 1 ga Janairu. Matasa kuma suna cakuɗa Hausa da Turanci a jimla guda. Manhajar da ta iya da wannan gauraye za ta iya da Hausar ko'ina. Wadda aka horar da littattafan makaranta kaɗai za ta mayar da rabin mutanen yankin baƙi a harshen da suke ciniki da shi kullum.

Yankin ma ba baƙon agogo ba ne. Tun a shekarun 1920 da Kafanchan ta zama mahaɗar layukan dogo, mutane suka koyi daidaita hantsi da la'asar da jadawalin jirgi, kuma suka yi haka da Hausa. Abin da ake nema yanzu shi ne sabuwar na'urar ita ma ta taka nata rabin hanyar.

Abin da ke cikin haɗari a bayyane yake. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, ta cinye jarin manoma masu ɗimbin yawa a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu. A irin wannan annoba, sanin ranar da manomi ya fara ganin ganye na rawaya, da ranar da ya yi feshi, shi ke nuna wa malaman gona inda cutar ta taso da saurin yaɗuwarta. Manomi zai ce "shekaranjiya da hantsi na gani", ko "yau kwana biyar ke nan". Idan ana son tattara dubban irin waɗannan rahotanni ta waya cikin gaggawa, dole na'urar da ke karɓa ta iya mayar da su kwanan wata. Haka hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara: amfaninsa ga mai shuka citta a watan Afrilu ko Mayu ya dogara da isar ranakun gare shi cikin lafazin da zai gane.

A ɓangaren lafiya, jadawalin rigakafin yara a Najeriya yana tafiya ne da makonni: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, sannan wata 9. Mai jego kuwa da suna da arba'in take lissafi. Mako shida kwana 42 ne, wato arba'in da kwana biyu. Saƙon da ya ce mata ta kawo jariri kwana biyu bayan arba'in ya fi zama a ranta fiye da jerin lambobi. Lambobin ma ba su tsira ba, domin 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka gina da tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris ne.

Sai batun tsaro. Ƙauyukan Kagarko sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma saƙonnin gargaɗi da rahotannin hari galibi da Hausa suke yawo. A nan, bambancin ma'anar "daren Laraba" zai iya sa a tura jami'ai bayan an riga an yi ɓarna, ko a rubuta hari ɗaya a matsayin biyu.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa a koya wa mutane rubuta lamba kawai a huta. Wannan shawara tana ɗora nauyin a kan wanda ya fi kowa rauni, tsohuwa da manomin da saƙon murya kaɗai suka iya aikawa. An ƙera na'ura ne don ta rage wa mutum wahala, kuma koya mata kalmomi ɗari biyu ya fi sauƙi a kan sauya bakin miliyoyin mutane.

Wasu kuma na ganin manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake hira da su yanzu sun riga sun kashe wannan magana. Gaskiya ne suna jin Hausa fiye da na baya. Amma daga rubutun intanet suke koyo, rubutun Hausa na intanet kuwa mafi yawansa labarai ne da aka fassara, inda ba kasafai ake cin karo da gata ko walaha ba. Aibinsu kuma shi ne idan ba su sani ba sukan ba da amsa da cikakken ƙarfin gwiwa. Ba za a san ko sun iya ba sai an gwada su, gwajin kuwa yana buƙatar jerin jimloli da amsoshinsu da masu harshen suka tantance. Ko ta wace hanya aka bi, aikin nan dai na tara misalai ba ya kaucewa.

Hujjar da ta fi cancantar a saurara da kyau ita ce ta 'yan Kudancin Kaduna da ke ganin Hausa ta riga ta danne harsunan iyayensu, kuma ƙarfafa ta a waya ƙarin danniya ne. Wannan damuwa tana da tushe, domin akwai gidaje da yawa da yara suka tashi ba sa jin harshen kakanninsu. Amma barin Hausa a baya ba zai ɗaga Koro ko Gbagyi ba, Turanci kawai zai bar wa filin. Hanyar da ta dace ita ce a tsara aikin yadda kowane harshe zai iya bin sawu: tambayoyin da aka yi wa mai jin Hausa game da ranaku da sa'o'i a yi wa mai jin Koro su a zama ɗaya. Yankin ma ya nuna yana da masu himma. Harsunan Tyap da Jju da Atsam suna da gurbi a rumbun CLDR, kuma Tyap ta samu nata shafin Wikipedia a 2022 da ƙoƙarin 'ya'yanta. A wannan fage akwai abin da masu kishin Hausa za su koya daga Zangon Kataf.

Masu cewa akwai matsalolin da suka fi wannan, kamar tsaro da wutar lantarki da rashin sabis a ƙauyuka, ba su yi ƙarya ba. Sai dai wannan aiki ba ya cin kuɗin titi ko na taransifoma. Abin da yake ci shi ne lokacin mutane kaɗan masu sani da haƙuri.

Wa zai yi me

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matakin farko na jami'o'i ne. Cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da sassan harsuna na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suna da masanan da za su iya tsara cikakken jerin kalmomin lokaci da duk sigogin rubuta su. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suna da ɗaliban da za su iya shiga kasuwanni da asibitoci, daga Kubacha zuwa Jere, su tattara yadda mutane ke faɗin lokaci a zahiri, da izinin masu maganar kuma ba tare da sunayensu ba. Kundin kammala digiri da aka yi a kan haka ya fi wanda zai kwanta a kan kanta amfani.

Mataki na biyu na matasa masu rubuta manhaja ne. Ba daga sifili za su fara ba. Ƙungiyoyin masu bincike irin su Masakhane da HausaNLP sun riga sun share fage, kuma tarin bayanan MasakhaNER na 2021 ya ƙunshi jimlolin Hausa da aka yi wa kalmomin kwanan wata alama. Abin da ya rage shi ne a wuce daga gane cewa "jibi" kalmar lokaci ce zuwa faɗin ranar da take nufi, a kuma miƙa ƙa'idojin ga manhajojin da duniya ke amfani da su, yadda duk wanda ya zo gina wani abu gobe zai tarar da su a shirye.

Mataki na uku na hukuma ne. Hukumar NITDA da ma'aikatar sadarwa ta tarayya suna maganar shigar da harsunan gida cikin fasahar zamani. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da hakan ita ce sharaɗi a cikin kwangila: duk manhajar lafiya ko noma ko tsaro da za a saya da kuɗin jama'a domin Arewa, a gwada ta da jimlolin lokaci na Hausa kafin a biya. Gwamnatin Jihar Kaduna na iya fara wannan ba tare da jiran Abuja ba. Kamfani ba ya gyara abin da mai saye bai tambaya ba.

Akwai kuma ladabi guda da ya kamata a gina a cikin kowace irin wannan manhaja, wato tambaya. Inda magana ta ɗauki ma'ana biyu, kada na'ura ta yi shaci-faɗi. Ta ce, "Daren Alhamis wayewar Juma'a kake nufi, ko daren Juma'a wayewar Asabar?" Haka dattijo mai hankali yake yi idan aka kawo masa saƙon ɗaurin aure, kuma matambayi ba ya ɓata.

Kalmomin da na'ura ba ta karɓa sukan fita daga bakin yara a hankali, domin yaron da ya ga wayarsa ba ta gane gata ba zai daina faɗin ta, ya koma ga abin da take ganewa. Tuni ma akwai matasan birni da ba za su iya jera ranakun da ke bayan jibi ba. Kowace shekara ranar 26 ga Agusta ana bikin Ranar Hausa ta Duniya da jawabai da kaɗe-kaɗe da shigar gargajiya. Zai yi kyau a wata shekara mai zuwa, cikin abubuwan da za a gabatar a wurin taron, a samu jerin jimlolin lokaci dubu ɗaya da aka tattaro daga Kagarko da Kano da Maradi, an tantance amsoshinsu, an kuma sake su kyauta ga duk mai gina manhaja.